Tambaya da Amsa: Guggubin kofi zai ƙara wa kayan lambu sinadarin ƙarfe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina noman latas da kokwamba a rumfar leda, kuma sababbin ganyayen suna yin rawaya alhali jijiyoyinsu na nan kore shar. An ce mini ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, an kuma ce guggubin kofin da aka dafa yana magance shi. Shin in riƙa zuba shi a gindin shuka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Alamar da ka kwatanta ta yi kama da ƙarancin ƙarfe, domin shi kan fara bayyana ne a ƙananan ganyayen sama, ba a tsofaffin ƙasa ba. Sai dai sau da yawa ƙarfen yana nan cikin ƙasar, saiwa ce ta kasa ɗaukarsa, musamman idan ƙasar tana da yawan alli har pH, wato ma'aunin tsami ko rashin tsamin ƙasa, ya haura 7.5, domin a nan ƙarfe yakan daskare ya ƙi narkewa a ruwa. Shi ya sa masu noman rumfa suke sayen ƙarfen da aka ɗaure da sinadarai irin su EDTA da EDDHA, waɗanda ke riƙe shi a narke har ya isa ga saiwa. Matsalar EDTA ita ce ba ya saurin ruɓewa, yakan daɗe cikin ƙasa da ruwa.

A nan ne kofi ya shigo. Shi guggubin ba shi da wani ƙarfen a zo a gani. Amfaninsa shi ne sinadaran da suyar ƙwayar kofi ke haifarwa, waɗanda ke ba shi launin nan mai duhu, suna da ƙarfin kama ƙarfe su riƙe. Masu bincike a Jami'ar Granada ta ƙasar Sifaniya sun bi wannan hanya: suna sarrafa guggubin, su haɗa shi da gishirin ƙarfe, sannan su gwada a kan latas da kokwamba. Wannan aiki ne da nake ganin ya cancanci a sa masa ido, tunda abin da ake zubarwa a bola ne ake mayarwa abin amfani.

Amma kada ka zuba guggubin ɗanye, wato bai ruɓe ba. Yana ɗauke da ragowar kafeyin (sinadarin kofi mai hana barci) da wasu sinadarai masu tsuke girman dashe, kuma ƙananan halittun da ke ruɓar da shi sukan janye naitirojin ɗin ƙasa, wato sinadarin da shuka ke buƙata don girma, na ɗan lokaci, sai ka ga shukar ta tsumbure. Idan ya yi kauri a saman tukunya kuwa, yakan bushe ya yi ɓawo, ruwa ya riƙa gangarewa ta gefe. Ka fara auna pH na ƙasarka da na ruwan da kake bayi da shi, sannan ka ruɓar da guggubin cikin tulin taki, kada ya wuce kashi 20 cikin 100 na tulin, ka gwada a layi ɗaya kafin ka game rumfar. Shukar da ta riga ta yi rawaya kuwa, ƙarfen nan da aka ɗaure da sinadarai ne zai ceto ta da wuri.

Akwai kuma batun mai ci. Ƙarfen ganye ba ya shiga jiki kamar na nama, kuma shan kofi ko shayi tare da abinci yana rage shigarsa, saboda wannan hali na kama ƙarfe, yayin da bitamin C ke ƙara ta. Mai fama da ƙarancin jini ya nemi likita, kada ya dogara da latas.