Mu yi karo-karo mu sayi laftof ɗaya?

Tambaya: Anti, mu biyar aka haɗa aikin rukuni a makaranta. Ranar gabatarwa, kwamfutar da muka aro ta ƙi haɗuwa da majigi, wanda aikin ke hannunsa kuma ya zo a makare. Haka muka tsaya gaban malamai muna kame-kame. Yanzu 'yan rukunin sun ce mu yi karo-karo mu sayi laftof guda kafin aiki na gaba. In saka kuɗina? Daga wata ɗaliba, Angwan Rogo, Jos.

Amsa: Ƙanwata, sannu da shan kunya, amma riƙe kuɗinki tukuna. Rukunin nan zango ɗaya ne a watse, sannan a fara rigimar wa zai tafi da ita gida.

Ina kyautata zaton wayar haɗa kwamfuta da majigi ce ta kayar da ku. Tsofaffin majigi da yawa bakin VGA suke da shi, mai shuɗin kai da ƙananan ramuka 15, laftof na yanzu kuwa bakin HDMI gare su, wasu ma USB-C kaɗai. Ki je ajin da za ku yi gabatarwar, ki leƙa bayan majigin, ki ɗauki hotonsa a waya. Da hoton nan za ki shiga shagunan kayan kwamfuta na titin Ahmadu Bello ki nemi adafta, wato 'yar na'urar da ke haɗa baki biyu mabambanta. Ki kula, mai kai hoto daga HDMI zuwa VGA daban ne da mai yin akasin haka, don haka a gwada a gabanki kafin ki biya. VGA kuma ba ya ɗaukar sauti. In akwai bidiyo a aikinku, ku tanadi 'yar sifika. In an haɗa hoto bai fito ba, danna maɓallin Windows tare da P.

Batun mai makara kuwa ba a kasuwa ake sayo maganinsa ba. Kowa a cikinku ya riƙe aikin a wayarsa, a zuba shi a filash, a kuma ajiye kwafi na PDF, don shi ba ya wargajewa a baƙuwar kwamfuta. Sannan ku yi gwaji a tsaye, da agogo, kowa ya iya ɓangaren na kusa da shi. Malamai sun fi son jefa tambaya ga wanda ya yi shiru a gefe.

In kuwa ke kanki kike son taki, tunda kayan aro ba ya rufe katara, ta hannu ma ta isa. Ki nemi mai RAM (ma'adanar aiki ta wucin gadi) 8GB da SSD (ma'ajiyar fayil mai sauri), mai ƙwaƙwalwar Intel zubi na 8 zuwa sama, domin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ya karɓar yawancin na ƙasa da haka. Ki sa mai shago ya zare caja, ki zauna ki ga yadda batirin ke sauka, kuma ki karɓi rasit.