Vesta ba tauraro mai wutsiya ba ce

Tambaya: Malam, na ji ana kiran Vesta, dutsen nan da ke yawo tsakanin duniyoyin Marrihu (Mars) da Mushtari (Jupiter), tauraro mai wutsiya. Daidai ne? Mene ne kuma falaki?

Amsa: A'a, ɗana, an yi tuya an manta da albasa. Mai wutsiya curin ƙanƙara ne da ƙura. In ya matso kusa da rana sai zafi ya sa shi fitar da tururi, wutsiyar ke nan, kuma shi aka yi wa kirari da "ganinka ba alheri ba". Vesta kuwa dutse ce mai faɗin kimanin kilomita 525, ko jela ba ta da ita, ba ta ci wannan zagin ba.

Turawan ma kame-kame suka yi wajen sa wa irin waɗannan duwatsu suna. A 1802 masanin taurari William Herschel ya aro kalmar "asteroid" daga Girkanci, mai nufin "mai kama da tauraro", don a madubin hangen nesa ɗigon haske kawai ake gani. Ni dai "dutsen falaki" ya fi kwanta mini. Falaki aron Larabci ne, hanyar da abu ke bi a sama yana kewaye. Vesta takan gama nata a shekara uku da wata bakwai da 'yan kai.

Tambaya: Me ake nufi da "suna linzami ne"?

Amsa: Linzami ƙarfen bakin doki ne, da shi mahayi ke juya shi. Haka suna: ka ambace shi, mai shi ya waiwayo. Wasu na cewa har hali yake ja. Abin da ba a cika lura da shi ba, ba a sa wa dokin da ba a kama ba linzami, kuma Vestar ɗazu ta ishe mu misali.

Heinrich Olbers, wani likita a birnin Bremen na Jamus, shi ya gano ta ranar 29 ga Maris, 1807, ita ce ta huɗu a jerin duwatsun falakin da aka gano. Bai raɗa mata suna ba. Ya bar wa masanin lissafi Carl Friedrich Gauss, wanda ya lissafa falakinta, kuma wanda lissafinsa ya sa aka sake ganin Ceres, ta farko a wannan jerin, a ƙarshen 1801 bayan ta ɓace cikin hasken rana. Gauss ya zaɓi Vesta, abar bautar Rumawa mai kula da murhu. Dutse busasshe da sunan murhu, wannan kam linzamin bai ja hali ba.

Yau abin ya zama ƙa'ida. Sabon dutse lambar wucin gadi yake samu, shekara da haruffa. Sai falakinsa ya tabbata a ba shi lamba ta dindindin, sannan wanda ya gano shi yana da shekara 10 ya kawo suna, kada ya wuce harafi 16, kuma ya faɗu a baki.