Amsa ga Hajiya kan hoton jirgin ƙasan da ɗanta ya haɗa

Hajiya, barka da wuni. Tun jiya na ga tambayarki, na bari sai na rufe shago. Kin ce ɗanki da ke karatu a Marwa ya haɗa hoton jirgin ƙasa tsaye a unguwar Domayo, ya sa a Facebook, jama'a suka yi ta barka da arziki, sai bayan kwana uku ya fito ya ce shi ya ƙirƙira, wai fasaha ce don a ga yadda muke haɗiye duk abin da waya ta miƙo mana. Kina so ki san ko wannan fasaha ce ko ƙarya ce aka yi wa kwalliya, kuma ki hana shi ko ki ƙyale shi.

Ni mai hoto ne a nan Garwa, arewacin Kamaru, tun zamanin fim da ɗakin wanki mai duhu, don haka bari in fara tona asirin sana'armu. Labulen shagona akwai jirgin sama a jiki da bene hawa uku. Samari sun sha aron kwat da agogona, su jingina da babur ɗin maƙwabci, a aika wa budurwa a Njamena. Da kwamfuta ta zo, mun tsayar da mutane gaban Ka'aba waɗanda ko Kusiri ba su taɓa leƙawa ba. Sai dai mai karɓar hoton ya san labule ne, a yi dariya a wuce.

Abin da ɗanki ya yi ba shi ya fara ba, manyan masu fasaha sun riga shi. A 2023 wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya ci wani rukuni a gasar hoto ta duniya ta Sony da hoton mata biyu mai kama da na kaka da kakanni. Ranar ba da kyauta a Landan ya hau dandamali ya ce ba zai karɓa ba, domin babu kyamarar da ta ɗauki hoton, na'ura ce ta haɗa. Shekarar da ta biyo, Miles Astray ya juya wasan: ya shigar da hoton tsuntsu na gaske a rukunin hotunan na'ura a wata gasa, alƙalai suka ba shi matsayi, masu ƙuri'a suka zaɓe shi, da ya faɗi gaskiya aka cire shi. Ki lura, Hajiya, dukkansu da bakinsu suka tona kansu, kuma kowanne ya yi asarar kyauta. A wajena wannan ne ya raba su da maƙaryaci, wanda shi riba yake nema kuma ba ya so a gane.

Wanda na fi so in nuna wa ɗanki ɗan ƙasarmu ne, Samuel Fosso. A Kumba aka haife shi a 1962, ya buɗe shagon hoto a Bangi a 1975 yana ɗan shekara 13. In an tashi aiki, ragowar fim yake ɗaukar kansa da shi ya aika wa kakarsa a Najeriya. Daga baya ya riƙa shiga kamar Mandela, Lumumba, Haile Selassie, Muhammad Ali, a 2017 kuma ya yi shigar Fafaroma baƙar fata. Amma duk rigar da ya sa, fuskar tasa ce. Hoton da kansa yana gaya maka wasa ne, sannan ya bar ka da tambaya. Kwatanta da hoton Fafaroma Francis cikin ƙatuwar farar rigar sanyi da aka haɗa da Midjourney, manhajar ƙirƙirar hoto, a Maris 2023: mutane da yawa sun ɗauka gaskiya ne, saboda ya bar inda aka fara sa shi ba tare da bayaninsa ba.

Ni ma na sha wannan ruwan. Wata shekara, don nishaɗi kawai, na yanko dorina daga hoton da na ɗauka a Binuwai, na dasa ta a ƙofar babbar kasuwa, na rubuta a ƙasa cewa wasa ne. Wani ya datse rubutun. Kafin mako ya zagayo, hoton ya dawo mini ta WhatsApp, an haɗa da muryar wani yana rantsuwa wai a Yola ne, har ta tattake mutum biyu. Wanda ya turo mini, surukina ne. Na ce Baba, ni na haɗa, ga ainihin hoton nan. Ya ce a'a, wanda ya turo masa malami ne, ba ya ƙarya. Tun ranar na gane hoto na tafiya a mota, gyaransa na bin sa da ƙafa. Kwana ukun da ɗanki ya bari, jirginsa ya isa wayoyin da bayaninsa ba zai taɓa shiga ba, alhali duk mai shiga jirgi ya san layin dogo a Ngaundare ya tsaya, bai kai Marwa ba.

Akwai kuma ɗaya gefen, shi ya fi tsorata ni. In mutane suka saba da cewa kowane hoto haɗi ne, na gaskiyar ma sai a ƙaryata shi. Kina tuna bidiyon da ya fito a 2018, sojojin Kamaru suna harbe mata biyu da ƙananan yara biyu? Da farko gwamnati ta ce labarin ƙarya ne, wasu suka ce a Mali ne. Sai masu bincike na BBC Africa Eye suka gwada surar duwatsun da ke bayan mutanen da hotunan tauraron ɗan'adam, suka nuna kusa da Zelevet ne, can yankin duwatsun Mandara, suka kuma auna inuwar sojojin suka gano a 2015 aka yi. A 2020 kotun soja a Yawunde ta ɗaure huɗu daga cikinsu shekara 10. Da “ai haɗi ne” ta yi nasara, da jinin matan nan ya tafi a banza.

Don haka ni ban ce ki hana shi ba. Yaron na da ido, kuma ya taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Amma ki kafa masa sharaɗi. Kada ya taɓa mutuwa, hari, addini ko fuskar wani ba da izininsa ba. A yankinmu hoto ɗaya ya isa a rufe kasuwa. Kuma alamar wasan ta zauna a cikin hoton, inda almakashi ba zai kai ba: ya sa raƙumi a kujerar direba, ko ya rubuta “haɗi ne” a jikin taragon kansa.

In ya zo hutu ki turo mini shi. Tsohon labulen mai jirgin sama yana nan a naɗe bayan kanta, ɓera ya ɗan ci fiffike ɗaya, amma zai yi masa aiki.