Kwana Na Farko A Bakin Tafkunan Manengouba

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a birnin Duwala na ƙasar Kamaru, kuma ina son in goya jakata in hau Dutsen Manengouba domin in kwana a bakin tagwayen tafkunansa, alhali ban taɓa kwana a daji ba. Me ya kamata in fi kula da shi?

Amsa: Ɗana, sanyi ne abin da zai fi ba ka mamaki. Tafkunan suna cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta, a tsayin da ya kusa mita 2,000, kuma zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000 da mutum ya hau, saboda haka rigar da ta ishe ka a Duwala ba za ta ishe ka da asuba ba. Ka riƙi bargo mai kauri, da tabarmar soso da za ta raba bayanka da ƙasa mai raɓa, da busasshiyar safa ta barci. Ka tafi da rani, tsakanin Disamba da Fabrairu, tare da ɗan jagora, bayan ka binciki halin tsaro. Fulani makiyaya suna kiwo a wurin, don haka ka gaishe su kafin ka kafa tanti, kuma ka tafasa ruwa sosai kafin ka sha.