Me ya sa sai da jihohin Amurka suka yi wa wiwin roba doka daban?

Malam kana tambaya tunda dama wiwi haramun ce a dokar Amurka, me ya kawo wata sabuwar doka a kan K2 da Spice, wato sunayen da ake sayar da wiwin roba da su. To ai abin ba wiwi ba ne sam. Busasshen ganye ne kawai ake fesa wa sinadarin da aka haɗa a lab, irin su JWH-018, wanda wani farfesa John Huffman ya fara haɗawa a jami'ar Clemson don bincike. Ita kuma doka sunan sinadari take kamawa, in babu shi a jerin haramtattun ƙwayoyi na jiha ɗan sanda ba shi da ta cewa. Shi ya sa a da ake sayar da shi a gidan mai da ƙananan shaguna cikin 'yar leda mai ƙyalli, a ce turaren wuta ne, har da rubuta wai ba na sha ba ne, kai ka ji rainin hankali.

Jihar Kansas ce ta fara hanawa a 2010, wasu suka bi, DEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka, ta saka sinadarai guda 5 a jerin haramtattu a 2011, Obama ya sa hannu a dokar tarayya a 2012. Amma fa da an hana wannan sai masu haɗawa su ɗan canza sinadarin su dawo kasuwa da sabo, dole jihohi da yawa suka koma hana dangin sinadarin gaba ɗaya, ni a ganina da nan ya kamata a fara tun farko.

Kuma ya fi wiwi haɗari nesa ba kusa ba, a 2018 a Illinois an samu wanda aka gauraya da maganin ɓera, mutane suka dinga zubar da jini, wasu suka mutu.