Tambaya da Amsa: Injin nukiliyar Zariya in ya lalace wa ke sa ido?

Tambaya: Malam don Allah in wani abu ya lalace a injin nukiliyar ABU wa ke bin kadi? Mu fa a Samaru muke kwana.

Amsa: Ɗan uwa kwantar da hankalinka, injin nan na ABU mai suna NIRR-1 ƙaramin injin bincike ne, da kilowat 30 ya fara aiki a 2004. Hukumar NNRA mai sa ido kan harkar nukiliya a Najeriya ce ke ba shi lasisi tana dubawa, na'ura ta samu matsala sai an rubuta an kai rahoto, hukumar makamashin nukiliya ta duniya IAEA ma tana turo masu dubawa. Kuma wallahi ba a raina ƙaramin lalacewa, bawul ɗaya ne ya maƙale a tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke Amurka a 1979 har kusan rabin cikin injin ya narke. A 2018 an canza wa na Zariya makamashi zuwa yuraniyom mara ƙarfi, wato wanda ba a tace shi sosai ba.