Amsa ga mai tambaya kan ajiye maganin ADHD saboda dashen gashi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce an sa maka ranar dashen gashi, kana shan maganin ADHD (larurar ƙarancin mayar da hankali da yawan motsi) kowace safiya, sai wani daga asibitin ya kira ka ya ce ka ajiye shi mako biyu kafin aiki da mako biyu bayansa, kai kuma hankalinka ya tashi don ba ka san yadda za ka yi wata guda cur babu magani ba. Ni ma ina kan maganin kuma an yi min dashen. Ba likita ba ne ni, amma ga abin da na gani.

Ba ka faɗi sunan maganinka ba, alhali nan gizo ke saƙar. Akwai masu zaburar da ƙwaƙwalwa, irin su Ritalin da Concerta da Adderall da Vyvanse, wanda wasu ƙasashe ke kira Elvanse. Waɗannan ranar da ka sha suke aiki, kuma ba sa daɗewa a jiki. Ritalin na yau da kullum awa 3 zuwa 4 yake yi, Concerta kamar awa 12, Vyvanse yakan kai awa 13 ko 14. Su Ritalin cikin kwana ɗaya sun kusa barin jini, dangin amfetamin kuma, wato Adderall da Vyvanse, kwana 2 zuwa 3. Ka ga ashe in dai don maganin ya fita daga jiki ne, mako biyu ya yi yawa, sai dai in likitan yana da wani dalili da ya shafe ka kai kaɗai, kuma wannan dalilin hakkinka ne ka ji shi.

Sai kuma waɗanda ba masu zaburarwa ba. Strattera sai ya yi makonni a jiki kafin amfaninsa ya bayyana, don haka tsallake shi rana ɗaya ba ɗaya ba ne da tsallake Ritalin. Wanda na fi so ka kula da shi shi ne Intuniv da ɗan'uwansa kulonidin. Su sauke jini suke yi, in ka yanke su lokaci guda jinin yana iya tashi da ƙarfi, zuciya ta riƙa gudu. A hankali ake rage su, bisa umarnin likitan da ya rubuta. In ɗaya daga cikinsu kake sha, kada ka kuskura ka daina don an faɗa maka ta waya.

To me ya sa ma suke damuwa? Yawanci ba a sumar da mutum a dashen gashi. Allurar kashe zafi ake yi a fatar kai, lidokain, kuma galibi a haɗe take da adiranalin, wanda ke matse ƙananan jijiyoyin jini don zubar jini ta ragu, allurar kuma ta daɗe tana aiki. Aikin yakan ci awa 6 zuwa 8, ana ƙara allurar jefi-jefi. Wani ɓangare na adiranalin ɗin yana shiga jini. Ni da aka fara yi min a ƙeya, ina kwance rub-da-ciki, sai da na riƙa jin bugun zuciyata a cikin kunne, yatsuna suna ɗan rawa, 'yar na'urar da suka maƙala min a yatsa ta ƙara saurin kuka, sannan ya lafa. Kuma fa ranar ban sha maganin ba. Mai zaburarwa shi ma yana ɗaga bugun zuciya da jini, sai ya zama ka zuba mai a kan wuta. Ban da haɗarin zuciya, in jini ya hau ƙananan ramukan da ake hudawa a gaban kai suna ta tsatsafo da jini, mai dasawa ba ya ganin wurin da kyau, saiwar gashin da aka saka ma takan turo kanta waje a sake mayar da ita. Saiwa kuwa ba ta son yawan taɓi. Saboda haka batun tsallake maganin ranar aiki yana da tushe, ban ga abin musu a ciki ba.

Inda likitoci suka rabu shi ne bayan aiki. Masu cewa a jinkirta, hujjarsu ita ce sabuwar saiwa a kwanakin farko ba ta da jijiyar kanta, ruwan jikin da ke kewaye da ita take tsotsa kafin jijiyoyi su haɗu da ita, don haka ba sa son duk abin da zai matse jijiya. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake hana taba. Wasu kuma suna ganin maganin da ake sha daidai yadda aka rubuta bai kai nan ba, sai su ce ka koma washegari ko bayan kwana biyu zuwa uku in jininka lafiya yake.

Abin da masu kiran waya ba sa lissafawa shi ne tsadar zama babu magani a daidai lokacin da aka fi bukatar nutsuwarka. Kwana 10 na farko su ne masu hatsari, kafin saiwar ta kama sosai. A cikinsu za a ce ka riƙa fesa ruwan gishiri a kai a kai, ka sha magunguna a kan lokaci, ka kwana da kanka a ɗage, ka wanke kai ta wata hanya ta musamman ba tare da gogawa ba, kuma kada ka sosa. Kai ka san halinmu. Hannu yakan tafi kai ba tare da ya nemi izini ba, ga ɓawon ciwo ya fara bushewa, ga ƙaiƙayi. Fatar kan kuma a mace take na ɗan lokaci, kana iya buga ta a bakin ƙofar mota ba ka ji komai ba sai ka ga jini. Ƙara da kasala da barci da yunwa da saurin fushi da ke zuwa wa wasu in sun ajiye mai zaburarwa. A ganina farce ɗaya cikin mantuwa ya fi ƙwayar safe barazana ga dashen.

Yadda na yi ni: na rubuta sunan maganin, da yawan miligiram, da lokacin da nake sha, na tura wa asibitin, na ce likitan da zai yi aikin nake so ya amsa a rubuce, ba mai karɓar baƙi ba. Na kai amsar wurin likitan da ke rubuta min magani. Suka daidaita a kan in tsallake safiyar aiki, in koma bayan 'yan kwanaki in awon jinina ya yi kyau, haka kuma aka yi. Kada ka ɗauki nawa ka ɗora wa kanka, musamman in kana da hawan jini, ko zuciyarka na tsalle-tsalle, ko kana haɗa shi da maganin damuwa. Tambaye su kai tsaye: yaushe zan sha na ƙarshe, yaushe zan koma, za ku riƙa auna jinina yayin aiki, kuma za ku ba ni maganin kwantar da hankali? Na ƙarshen yana da muhimmanci, don in an ba ka irin su diyazefam ba za ka tuƙa mota ranar ba. Asibitin da ya kasa amsa waɗannan, ni dai zan sake tunani a kansa.

Kada ka ɓoye musu kana sha don gudun a ɗage maka rana. Kada kuma ka cike gurbin maganin da kofi ko lemukan ƙara kuzari, su ma zuciyar suke kora. Ka ci abinci sosai da safen. Zaman awa da awanni babu motsi shi ya fi ba ni wuya, fiye da allurar. Na gaya wa ma'aikaciyar jinyar tun farko cewa ina da ADHD, sai suka riƙa ba ni ɗan hutu in miƙe ƙafa, suka bar ni da abin saurare a kunne. Don kwanakin gida kuma, sa ƙararrawar waya ga kowane feshi da kowace ƙwaya, yanke farce, ka samu wani a kusa da zai ce maka sauke hannunka.

In wata ƙasa za ka je yin aikin, riƙe maganin a kwalinsa na asali tare da takardar likita, ka kuma bincika dokar ƙasar tukuna, domin masu zaburarwa suna cikin magungunan da ake sa wa ido a filin jirgi. Sannan in ka ga gashin da aka dasa yana zubewa bayan 'yan makonni, kada ka ɗora wa maganin laifi. Haka yake yi wa kusan kowa, saiwar tana nan, sabon gashi yakan fara leƙowa a wata na 3 ko na 4, cikakken sakamako sai wajen shekara.

Turo sunan maganin da kake sha da yadda awon jininka yake, akwai masu shan irinsa a nan da za su faɗa maka yadda likitocinsu suka tsara musu.